Addu'ar Baba a Lasifika

Babana ya iya addu'a. Duk wanda ya taɓa shiga cocinmu a Gusau ya san da haka. Dattijon coci ne, tsohon malamin makaranta, Allah ya ba shi murya mai kauri da dogon numfashi. Idan Fasto ya ce, "Dattijo zai kai mu gaban Ubangiji," sai ka ga mata suna gyara zama, masu goyo suna sauke yara, don kowa ya san ba yanzu za a ce amin ba. Yakan fara a hankali, ya yi ta hawa, har ya kai inda muryarsa take rawa kamar zai yi kuka. Ba ya kukan. Ni da na tashi a gidansa na san daidai inda rawar muryar za ta zo, yadda na san inda ramuka suke a hanyar Bunguɗu.

A gida kuwa ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. Addu'ar abinci ma, in babu baƙo, Mama yake bar wa. In da baƙo, to tuwo sai ya huce. Mama ce mai addu'a a gidanmu, amma ba za ka ji ta ba. Akwai wani ɗan ɗaki bayan madafa inda muke ajiye buhunan gero da dawa, ba shi da taga, sai warin hatsi da na ɓera. Nan take shiga da safe ta ja ƙofa. Muna yara mun ɗauka awon abinci take yi. Sai da na yi wayo na lura tana fitowa da ƙura a zaninta wajen gwiwa, kwanon awo kuma babu komai a ciki.

A makarantar Lahadi an koya mana abin da Almasihu ya faɗa a kan wannan, cewa kada mu zama kamar masu son tsayawa addu'a inda jama'a za su gan su, gara mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, domin Uban yana ganin abin da ke ɓoye. Abin haushin shi ne, Baba ne ya koya mana. Ya iya darasin ƙwarai, har da kwaikwayon yadda masu riya suke ɗaga hanci, mu yi ta dariya. Ban taɓa ganin alamar ya ji abin a jikinsa ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, kuma a raina nakan ce, Allah ka nuna mini ranar da mutumin nan zai yi maka magana babu mai kallo.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da ƙanena, wanda kowa ke ce wa Auta har bayan ya yi gemu. Baba ya so Auta ya zama likita. Jarrabawa ba ta yi ba. Ya yi makarantar kiwon lafiya, ya buɗe ɗan kantin magani a unguwarmu, yana allura, yana wanke ciwo, mutane suna son hannunsa. Baba bai yafe masa ba. A gida ba shi da suna sai "mai sayar da maganin ciwon kai." A coci kuwa, da zarar an miƙa wa Baba makirufo, sai Auta ya zama "ɗana likita." Auta yakan sunkuyar da kai. Ni kuma nakan ji kamar in miƙe in ce, Baba, Allah fa kake gaya wa, ya san kantin.

Lokacin da abin ya faru ina aure a Bunguɗu, ina koyarwa a firamare, ina zuwa Gusau ƙarshen mako idan hanya ta yi sauƙi. Shekarun nan ne da tafiya ta zama abin da ake yi da zuciya a hannu. Mutanen daji, 'yan bindiga masu satar mutane, sun hana kowa sakat, musamman hanyar Gusau zuwa Tsafe. Mun koyi kame baki. Ba ka gaya wa ko mai shayin ƙofar gidanka cewa gobe za ka yi tafiya, ba don mugu ba ne, sai don ba ka san wanda ke zaune a bencinsa ba. Kowa ya san akwai masu kai musu rahoto daga cikin gari, amma ba wanda ya san fuskarsu.

Sai dai mu a coci muna da tsohuwar al'ada. Duk mai shirin tafiya yakan gaya wa dattijo, a sa shi a addu'ar Lahadi, a ambaci inda za shi da ranar da zai tashi, jama'a su ce amin. Al'ada ce mai kyau a lokacin da hatsarin mota ne kawai abin tsoro. Da zamani ya canja mutane da yawa suka daina kawo tafiyarsu, a yi shiru kawai a tafi. Ga kuma lasifika. Akwai ta ciki, akwai wata babba da aka ɗaure a kan rufi tana fuskantar titi, inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Baba ne ya dage aka sa ta, wai don bishara ta kai ga na waje.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, tana wani ƙauye can bayan 'Yandoto. An yi an yi ta dawo birni ta ƙi, ta ce ba ta barin kabarin mijinta da awakinta. Cikin damina wani ɗan'uwanmu ya zo Gusau ya ce ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Aka shirya da shi baki da baki, don waya ba ta shiga ƙauyen: ranar Talata da hantsi za su fito da ita a babur zuwa bakin titi, Auta kuma zai ɗauki shatar mota ya same su can. Ya koma da wannan saƙon.

Ranar Asabar na samu Baba a zaure yana goge takalminsa na coci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah kada a sa tafiyar Auta a addu'ar gobe."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke za ki koya mini abin da zan gaya wa Ubangiji?"

Na ce, "A gaya masa a gida, Baba. Yana ji."

Nan ya ɗago ya dube ni. Ya ce tsoron mutum ya cinye mana bangaskiya, mu yaran yanzu. Ya ce shi ba ya ɓoye Allahnsa don wasu ɓarayi. Na ce ba Allah na ce a ɓoye ba, Talata na ce a ɓoye. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi raina a ɓace, amma na ɗauka ya ji, don Baba yakan yi faɗa sannan ya yi abin da aka roƙe shi, muddin ba za a ce an sa shi ba ne.

Rashin sa'a, Lahadin nan muka yi baƙi, wasu manyan coci daga wani gari, an zaunar da su a kujerun gaba. Tun da na ga babbar rigar da Baba ya sa na san ba ƙaramar addu'a ya shirya ba. Aka miƙa masa makirufo. Ya yi wa ƙasa addu'a, ya yi wa shugabanni, ya yi wa marasa lafiya. Na fara sauke numfashi. Sai na ji muryar ta soma rawar nan.

"Ya Uba, ga bawanka, ɗana likita, wanda ka ba shi hannun warkarwa. Jibi Talata da safe zai kama hanyar Tsafe, ya wuce 'Yandoto, domin ya ɗauko tsohuwar da ta haife ni. Ka san ba ya tsoron hanya, domin gidanmu gidan bangaskiya ne."

Na buɗe idona. Kowa idonsa a rufe, sai ni da Mama. Tana can ɓangaren zumuntar mata cikin ankonsu, ta zuba wa bayan Baba ido, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ina jin maganar tana fita ta saman rufi, tana dukan katangar gidajen tsallaken titi tana dawowa, kowace kalma sau biyu. Talata, Talata. Da ya gama, cocin ya ɗauka da amin mai ƙarfi. Na bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na sani tun ina yarinya, kuma a karo na farko na ji tsoronsu.

Ko abinci ba mu sauke ba Hajiya ta yi sallama. Maƙwabciyarmu ce tun kafin a haife ni, katanga ɗaya ta raba mu, tana aiko mana naman layya, muna aika mata shinkafar Kirsimeti. Ba ta zauna ba. Ta ja Mama gefe, amma na ji ta. Ta ce, "Maman Auta, ina ɗakina ina yankan kuɓewa na ji addu'ar Malam tiryan-tiryan. In ni na ji, wa bai ji ba? Ku hana yaron nan tafiya." Baba yana zaure da baƙinsa suna yaba masa addu'a.

Na samu Auta a kanti na ce ya fasa. Ya yi dariyarsa ta kullum, ya ce, "Yaya, kin cika tsoro. Wa zai kula da mai sayar da maganin ciwon kai?" Na ce ai ba haka aka sanar ba. Dariyar ta ɗauke. Muka juya maganar ta kowace fuska. Ya tafi Litinin? Kaka ba ta bakin titi, shiga ƙauyen kuma shi kaɗai ya fi haɗari. Ya bari sai Laraba? Za su fito da tsohuwa mai haki ranar Talata su ajiye ta a bakin hanyar da kowa ke gudu, su yi ta jira, ba yadda za a gaya musu. Ya ce, "Kin ga ni? Dole in je." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi, na yi ta masifa a kan kwalayen maganin da bai jera ba.

Ranar Talata ina aji a Bunguɗu, alli a hannun dama, waya a hannun hagu. Auta ya kira ya ce sun kama hanya. Can ya sake kira, murya a sake, ya ce ga Kaka a mota, tana faɗa wai an bar mata akuya ba mai ba ta dusa. Na yi dariya har yara suka dube ni. Na ce ya kira ni da zarar sun ga gidajen Gusau.

Bai kira ba. Na rubuta lissafi a allo na goge, na sake rubuta shi. Na kira, wayar tana ƙara ba a ɗauka. Na sake kira, aka ce a kashe take. Ban san lokacin da na bar ajin ba, mayafina ma a kan kujera na manta shi. A motar Gusau wata mata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na yi ƙoƙarin addu'a, babu abin da ya zo bakina sai sunan Auta.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana kallon titi, yana cewa ai matsalar sabis ce. Mama tana ɗakin hatsi. Wajen la'asar motar ta shigo layinmu a hankali, gilashin baya a fashe. Kaka tana gaba, ta rungume jakar Auta a ƙirji. Bayan motar babu kowa.

Direban, wani dattijo mutumin Tsafe, ya fito da kumburarren ido. Ya durƙusa gaban Baba yana salati, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Sun fito muna daga cikin dawa, bisa babura. Ba su tambayi kuɗi ba, ba su tambayi mota ba. Cewa sunka yi, ina likitan?" Ya ce Auta bai yi gardama ba, ya fito da kansa don kada su taɓa tsohuwa. Shi kuma suka mare shi da gindin bindiga suka ce ya kai ta gida.

Muka fito da Kaka, ƙafafunta kamar turmi. Ta ƙi sakin jakar. Ta dubi Baba, ɗanta, ta ce, "Na hwaɗa musu. Na ce wanga ba likita ba ne, jikana ne. Ba su saurare ni ba. Wa ya ce musu likita ne?"

Hajiya, da ta fito da jin hayaniya, ta kama hannun Kaka ta shigar da ita ciki.

Har yau ban san wanda ya kai maganar ba. Wataƙila wani ne a bakin titi. Wataƙila kuma wani ne da ya rufe ido tare da mu ya ce amin. Na bar tunanin, don ya kusa haukata ni.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da mutane suka yi ta gaya mana a kwanakin zaman jaje. Wanda suka ɗauka don kuɗi, ana ciniki a sake shi. Likita kuwa ba sa sakinsa, don suna da masu rauni a daji, suna buƙatarsa. Idan kuma suka kawo masa wanda harsashi ya shiga cikinsa ya kasa, me za su yi masa? Auta allura ya iya da wanke ciwo. Kullum na kwanta sai in ga an ajiye masa mutum yana zubar da jini, an ɗora masa bindiga a ƙeya.

Da suka kira, da rana ne, wayar Baba suka kira da lambar Auta. Muna tsakar gida. Ya sa ta a fili kowa yana ji. Wata murya ta yaro matashi, ba ko sallama, ta ce, "Kai ne uban likita?"

Na dubi Baba. Ban san abin da nake so ya ce ba. In ya ce e, sun riƙe shi ke nan. In ya ce a'a, wataƙila su ga ba shi da amfani. Mutumin da bai taɓa rasa kalma ba ya tsaya baki buɗe, har muryar ta ce, "Ba ka ji ne?"

Ya ce, "Ba likita ba ne." Muryarsa ƙarama, ban taɓa jin ta haka ba. "Kantin magani gare shi. Ni na ce likita ne. Ƙarya na yi."

Aka kashe wayar.

Na yi kansa da faɗa, ban san ma me nake cewa ba. Na ce ka sa an kama shi, yanzu kuma ka sa a kashe shi. Mama ta ce, "Ya isa," sau ɗaya, na yi shiru. Baba bai kare kansa ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma kamar tana da zafi.

Daga nan ba mu sake jin komai ba har dawa ta fitar da kai. Ban taɓa sanin tsoro irin na waɗannan makonni ba. Na bar Bunguɗu na tare a gida. Waya ta yi ƙara, in zabura in ɗauka. Ta yi shiru, ya fi muni. Ranar Lahadi Fasto ya aiko a gaya wa Dattijo jama'a suna so ya jagoranci addu'a domin ɗansa. Baba ya ce a ce ba ya jin daɗi.

Wata safiya na je ɗebo gero na tarar da ƙofar ɗakin hatsi a rufe. Na juya zan koma, sai na hangi Mama a madafa tana hura wuta. Na tsaya. Takalmin Baba ne a bakin ƙofar. Na san bai kamata in saurara ba, amma na kasa kunne. Da farko ba na jin komai sai numfashi. Can na ji shi, babu hawa babu sauka, babu rawar muryar nan da na sani. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Ba likita nake roƙo ba. Yarona nake roƙo. Ka maido mini da shi yadda yake." Sai kuma kuka, mummunan kuka na tsoho, mai kama da tari.

Ranar da na daɗe ina roƙon Allah ya nuna mini ke nan. Ban ji daɗi ko kaɗan ba. Tsoro ne ya ƙara kama ni, don na gane Baba ma ya fitar da rai. Na koma madafa da kwano babu gero.

Ana cikin girbi wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar ta dushe har ban gane ta ba sai da ya ce, "Yaya." Ya ce, "Ki gaya wa Baba sun daina ce mini likita. Yanzu sun yarda a yi maganar sakina." Gonar gado ta ƙauye ta tafi, da duk abin da za a iya sayarwa, wajen haɗa kuɗin fansa. Kaka ta rasu ba ta ga dawowarsa ba.

Ya dawo a rame, ƙafafu duk ƙaya. Hannunsa na dama yana naɗe da tsumma. Da aka kwance, yatsu uku sun karye sun haɗe a karkace, ba sa lanƙwasuwa. Bai so ya faɗa ba, sai da na matsa masa muna mu biyu. Ya ce ranar da suka kira Baba ne, suna kashe wayar suka ɗora hannun a kan dutse, wai don an yaudare su. Ya roƙe ni kada in gaya wa Baba. Ban gaya masa ba, amma Baba tsohon malami ne, ya dubi yadda ƙashin ya riga ya warke, ya lissafa kwanakin, na san ya gane.

An yi hidimar godiya. Baba ya zauna a bencin baya, kuma tun daga ranar nan ne wurin zamansa. Lasifikar waje an sauke ta, ban ji wanda ya tambayi dalili ba. Ni dai har yanzu idan wani ya fara doguwar addu'a a gaban jama'a, idona a buɗe yake, ina kallon ƙofa.

Auta ya koma kanti, amma ba ya iya allura, kwaɗon ƙofa ma ba ya iya murɗa mabuɗinsa. Baba ne ke raka shi kowace safiya ya buɗe masa, sannan ya zauna a benci yana miƙo masa kwalaye. Kwanan baya na biya ta wurin, wata baƙuwar mata ta shigo da yaro mai zazzaɓi, ta ce wa Auta, "Sannu, likita," yadda mutane kan ce wa duk mai kantin magani. Na ga Baba ya zabura ya leƙa titi hagu da dama. Sannan ya dawo ya ce mata a hankali, "Baiwar Allah, ba likita ba ne. Ɗana ne." Matar ta dube shi ba ta gane ba, Auta kuma ya ɗauko maganin da hannun hagu.